Katangar da Na Gina Ta Tare Dattijon Gubuchi

Da asuba muka bar Zariya, ni da direban ofis, za mu zaga rassan kamfaninmu na irin shuka. Ni ne mai kula da kwamfutoci, kuma ina tafe ina hura hanci. Wata biyu da suka wuce wata cuta ta shigo mana ta wani shafin intanet, sai na fusata na sa fayawol, wato katangar tsaronmu, ta toshe duk wani sikirif, 'yan umarnin nan da ke sa shafi motsi. Tun ranar ko tari kwamfuta ba ta ƙara yi ba.

A Kudan muka karya da koko, ƙosan ɗari biyu ko tafin hannu bai cika ba. Hanyar Makarfi kuwa rake hagu da dama, ramuka a tsakiya, direba na ta kauce musu yana tsaki.

A ofishin Makarfi na tarar da wani dattijo daga Gubuchi a kan benci. Zuwansa na huɗu ke nan neman rajistar irin masara mai saurin nuna, ga damina ta kawo kai. Ma'aikaciyarmu ta cike masa fom a shafin rajista a gabana, ta danna maɓallin aikawa. Shiru. Ashe da sikirif maɓallin yake aiki, ni kuma na kashe shi.

Na ce, "Me ya hana ki gaya mini? Kullum fa ina bugo waya!"

Ta sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, ai gaisawa muke yi. Ka ce ya aiki, in ce da godiya. Mun ɗauka manya ne suka rufe, ba mu isa mu tambaya ba."

Cikin minti biyar na buɗe wa shafin hanya. Sai ga sanarwa: an rufe rajista shekaranjiya. Na kira hedkwata, aka ce an gama rabon iri.

Dattijon ya miƙe ya ce, "Ba komai ɗana, Allah bai nufa ba. Tsohon irina zan shuka." Ya zaro mazarƙwaila daga aljihu ya miƙa mini, wai na sha hanya. Wallahi da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

A Ikara ma haka na tarar, fom na takarda jibge a kwali, an kasa aikawa. Tuwon da aka kawo mana direba ne ya ci.

Mun dawo gida da la'asar. Har yanzu ina ganin daidai ne a toshe abin da ba a yarda da shi ba, amma sai mai toshewar ya zauna a kujerar mai aiki ya danna da hannunsa. Ni daga Zariya na toshe, na ji an amsa gaisuwa na ce lafiya. Mazarƙwailar nan tana kan teburina, na kasa sha.