Auren Da Aka Rubuta Bayan 'Ya'ya Uku

Shekarun baya, lokacin da nake aikin kula da tsofaffi a gidajensu, aka haɗa ni da wata tsohuwar Baturiya da ke zaune kusa da Fordham Road. Mu kuwa a Park Hill muke, can tsibirin Staten Island, saboda haka kullum sai na hau bas, na hau feri, jirgin ruwan fito, sannan jirgin ƙasa kafin in isa. Kaka nake ce mata. Ran da ta tambayi ma'anar sunan na faɗa mata, ta ce ta karɓa.

Mantuwa ta fara kama ta, kuma ta san da haka. Abu ɗaya take so ta sani kafin kanta ya tafi. Kakarta ta sha ba ta labarin wata kakar kakanninsu, mutuniyar Akadiya, wani yanki a gabar tekun Kanada inda manoma masu jin Faransanci suka zauna. Wai Turawan Ingilishi sun kwashe su a jiragen ruwa tana yarinya, sun watsa su ƙasashe, amma ita ta komo cikin mutanenta da ƙafarta. "Gaskiya ne, ko tatsuniya aka yi mini?" Tambayarta ke nan kullum.

'Yarta ta riga ta tattaro kwafin tsofaffin takardu, fayil guda, yawancinsu daga littattafan coci na Kebek, can Kanada. Matsalar, da Faransanci suke, kuma babu mai jin sa a gidan. Mahaifin Kaka ya sha bulala a makaranta saboda harshen, sai ya rantse 'ya'yansa ba za su koya ba. Ni kuma 'yar Damagaram ce, na yi lakwal, bokonmu na Faransanci, har na samu takardar birbe. Nan take na hau kujerar malanta, ina wani gyara tabarau.

Rubutun kamar kaza ta yi tonon ƙasa, amma a hankali idona ya saba. Na sami matar. Na sami 'ya'yanta uku da shekarunsu. Sai na zo takardar aurenta, na dubi shekarar da ke sama. An rubuta auren ne lokacin babban ɗanta yana da shekara shida.

Na rufe fayil ɗin. A raina na ce, wallahi ba da bakina ba. Matar da ta yi shekara ɗari biyu da wani abu a kabari, ni ce zan tona mata asiri? In dubi tsohuwa mai ciwo in ce mata zuri'arsu ba ta hanyar aure ta fara ba? Na yanke shawarar rufa wa mamaciya asiri, ina jin kaina mai mutunci ƙwarai. Duk safiya Kaka ta ce, "Kin samo ta?" sai in ce, "Rubutun da wuya, Kaka, ina nan ina ƙoƙari."

Mako uku na yi ina wannan. Ran nan 'yarta ta shigo da abincin rana, Kaka ta dube ta da fara'a ta tambaye ta wa take nema. Bayan 'yan mintoci ta gane ta, amma ni na riga na farga. Lokacin da nake ɓatawa nata ne, kuma ƙarewa yake.

Da na koma gida na kwashe komai na gaya wa maigidana. Ya saurara har ƙarshe, ya tashi ya buɗe akwatin takardunmu, ya miƙo mini guda. "Hajiya, karanta mini wannan." Takardar aurenmu ce ta meri, ofishin magajin gari. Liman ya ɗaura mana aure a ƙofar gidanmu gaban shaidu, amma ba mu je an rubuta ba sai da neman biza ya taso, muna da yara biyu. Ya ce, "To in wata mai birbe ta tsinci wannan bayan shekara ɗari biyu, me za ta ce a kanki?" Kunya ta rufe ni. Ya ƙara da cewa, "Kin ma karanta tasu har ƙasa?" Ban karanta ba. Layin farko na gani na yanke hukunci.

Washegari na ɗauki gilashin da Kaka ke karanta kwalbar magani da shi, na bi shafin auren matar layi layi. Limamin cocin ya bayyana cewa mutanen nan biyu sun daɗe da aure. A ƙasar da aka kai su babu limamin addininsu, don haka dattawansu suka ɗaura musu gaban shaidu, da alkawarin duk ran da suka sami coci za su kawo kansu a rubuta. Sun iso ta ƙasa bayan doguwar tafiya, kuma a rana ɗaya aka rubuta auren aka yi wa yaran uku baftisma. A ƙasan shafin matar ta yi ɗan zane maimakon sa hannu, don ba ta iya rubutu ba. Na daɗe ina kallon zanen nan. Ya tuna mini da dangwalen mahaifiyata.

Sai na koma kan wata takarda da na tsallake saboda da Turanci take: jerin waɗanda jirgi ya sauke, kafin a rarraba su gidajen manoma su yi bauta. Ga sunanta, tana 'yar shekara goma sha uku. Na dubi sunan wurin da aka sauke su, na sake dubawa don in tabbata.

Allah ya taimake ni, a safiyar nan kan Kaka garau yake. Na zauna gabanta na karanta mata komai, har da abin da na zata da ɓoyewar da na yi. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce kakarta ma da haka za ta yi. Sannan ta ɗora yatsa a kan zanen.

"Ashe ta dawo," ta ce. "A ina suka sauke ta?"

Na ce, "Kaka, a tsibirin da nake kwana."

Ba a yi wata biyu ba ta daina gane ni. Amma duk wanda ya shigo, ko mai kawo magani ne, sai ta kama hannunsa ta ce masa kakarsu da ƙafa ta dawo.

Har yau mako ukun nan suna damuna. Na ɗauka mutunci nake karewa, alhali da na ƙara jinkiri kaɗan da na hana tsohuwa abin da ya rage mata. Kuma har yau feri nake hawa. In ya doshi tsibirin da yamma nakan bar kujera in tsaya bakin ƙarfe, ina kallon gaɓar da yarinyar nan ta gani, ba ta jin harshen kowa, ba ta san inda za a kai ta ba. Ni ma haka na fara ganin gaɓar nan. Ba addininmu ɗaya ba, ba mu haɗa komai ba, amma ban taɓa wucewa ta wurin ban gaishe da yarinyar a raina ba.