Yaya Hamadu Ya Zo Neman Kabarin Inna

Muna fitowa daga maƙabarta jiya bayan jana'izar maƙwabcinmu, sai na ji an riƙe mini hannu. Ina waigawa na ga Yaya Hamadu ne, yana ɗingishi.

Mutanen garinmu Garwa da dama sun san shi. Shekara goma sha biyar ya yi yana tsaron baya a ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na Gabon, Tunisiya, Turkiyya har da Tailan, sai da gwiwa ta kwantar da shi ya dawo gida a watan jiya. Gidansu na jikin namu, kuma mahaifiyarsa, Inna Dudu, ta goya ni.

Ya ce, "Ƙanena, an ce kana cikin waɗanda suka ɗauki Inna. Nuna mini inda take."

Ranar da ta rasu yana Tailan. Kafin ya fito daga fili ya duba waya, an riga an binne ta.

Muka koma ciki. Na tuna kusa da wata bishiyar darbejiya ne, amma damina shida ta wuce, ƙasa ta baje, sababbin kaburbura sun cika wurin. Na yi ta zagaye har kunya ta kama ni.

Na ce, "Yaya, ka gafarce ni, wallahi na kasa ganewa."

Sai ya cire takalmansa, ya durƙusa da ƙyar, ya ce, "Ba laifinka ba ne. Zo mu yi musu addu'a gaba ɗaya, ai tana cikinsu."

Wanda iyayensa ke raye ya leƙa su yau. Ku sa Inna Dudu a addu'arku, jama'a.