Masu Gudun Rana

Shagonta yana ƙarƙashin matakalar wani bene, daura da makarantar koyon aikin jinya, kuma rana ba ta leƙa shi ko da wasa. Abin da ya kori masu haya kafin ita ke nan, shi ne kuma ya sa ta kama shi. Zabiya ce. In rana ta same ta, fatarta sai ta yi ja ta saɓule, idanunta su yi ta rawa suna hawaye. Tun tana ƙarama ta san duk wata inuwa da ke tsakanin gidansu da bakin titi.

Sana'arta kwafi da ɗinkin littattafai. Ɗalibai su kawo takardu a warwatse, ta jera, ta huda, ta ɗinke da zare, ta manna bango. Anti Mai Ɗinki suke ce mata.

A nan ta haɗu da masu shan jini. Wata ɗaliba ce ta kawo littafin soyayya da bangonsa ya ɓalle, ta ce a gyara, ba ta sake waiwayarsa ba. Garin jera shafuka Anti ta kai shi dab da hancinta, don da haka take iya karatu, sai ta ci karo da wani mutum fari fat wanda ba ya fita sai rana ta faɗi, jama'a suna raɗa a kansa, yara suna gudu in sun hango shi. Ta ce a ranta, wannan ai ɗan'uwana ne. Ta juya shafi, sai ga wata yarinya tana mutuwar son sa. Ran nan gam ya bushe a kwano, ba ta ɗinka komai ba.

Har yau tana yi wa ɗalibar nan addu'a, ko da yake ta manta fuskarta. Daga wannan littafi ta bi sahun irinsa wajen masu sayar da tsofaffin littattafai, ta tara su jere a saman kantar shagon, kowanne da sabon bango na hannunta. Ta san ƙarya ce tsagwaronta, ba sai an gaya mata ba. Amma a cikinsu ne kaɗai ta taɓa ganin mai irin fatarta ya shigo ɗaki an daina numfashi saboda kyansa, kuma tana gode wa duk wanda ya zauna ya shirya wannan ƙarya.

Innarta, wadda suke zaune tare, ba ta ga abin burgewa ba. "Wannan ai maita ce aka sa wa kwat," in ji ta. Sai dai in an jima tana tsince shinkafa za ta ɗago ta ce, "Ke, ya cije ta ne, ko har yanzu yana jan rai?"

Maganar aure kuwa Anti ta daɗe da rufe ta. An zo, ba a ce ba a zo ba. Wani ya zo da fuskar mai dubiyar mara lafiya. Wani uwarsa ta tambaya, a gaban idonta, ko 'ya'yan za su fito irinta. Daga nan ta yanke cewa ba za ta ƙara zama nauyi a wuyan ɗan kowa ba, har ta haura arba'in a kan haka.

Sai ga mai gyaran injin kwafi. Gajere ne, mai sanƙo, matarsa ta rasu, hannunsa kullum baƙi da garin tawada. Injin tsoho ne, gaskiya, amma bai kai lalacewar da za a riƙa duba shi kowane mako ba. Wata rana yana ɗaure kusa ya faɗi abin da ke ransa, ba kwana-kwana. Ta ce, "Malam, rufa wa kanka asiri. Ba ka san abin da za ka ɗauko ba." Ta faɗa da murmushi, amma da ya tafi ta kasa zura zare a allura, domin tana son sa, kuma tsoron hakan ya fi ƙarfinta.

Bai yi fushi ba, bai kuma daina zuwa ba. Da ya ga kullum hancinta yana cikin littafi, sai ya ce ta ara masa ɗaya, ya ga abin da ya fi shi. Ta ba shi mafi kauri, don ya gaji.

Ya dawo da shi a leda, da hantsi, ana tsakiyar aiki, ya zauna a kan benci yana huci.

"Malama, mutumin nan naki ya ba ni haushi. Shekara ɗari uku a duniya, ba sana'a, ba komai, sai tsayuwa a bakin taga."

Ta yi dariya har ta ajiye almakashi. "Yana da dukiyar gado, Malam."

"To na yafe masa wannan. Amma yarinya ta ce tana son sa, ya gudu. Ta bi shi, ya ce wai don amfaninta ne. Wa ya tambaye shi?"

"Ai ya san kansa ne," in ji ta, dariyar ta fara janyewa. "Ya san ba zai iya raka ta ko'ina da rana ba. Ya san za a nuna ta da baki, a ce ta rasa wanda za ta ɗauko sai shi. Danginta za su yi ta ƙirga abin da ta yi asara. Wata rana za ta gaji, kuma gara ya tafi tun kafin ya ga ranar nan a fuskarta. Kai ba ka san yadda abin yake ba."

Ta ji abin da bakinta ya faɗa, kunya ta rufe ta, don a iya shekarun da ta yi tana karatun nan ba ta taɓa gaya wa kowa a wane gefe take tsayawa ba.

Mai gyara ya shafa sanƙonsa, ya bar masa zanen baƙin tawada. "Ikon Allah," ya ce a hankali. "Ashe ni ne yarinyar."

Ta so ta yi dariya, sai hawaye ya riga ta.

"To bari yarinyar ta yi magana," ya ce. "Ina da ido, na gan ki, ba labari aka ba ni ba. Yawon rana kuwa na yi shi har ya cinye mini gashi, ba na marmarinsa. Gajiyar da kike tsoro, in akwai ta, tawa ce. Ki bar ni in ɗauki kayana."

Ta daɗe tana murza zare a yatsa. Sannan ta ciro littafin daga ledar, ta duba bangon ko ya ɓata shi, ta mayar da shi saman kantar.

"Akwai na biyunsa," ta ce. "A ciki ya daina gudu."

Ya miƙo hannu.

"Yana gida, kuma ba na fitowa da shi. In kana so, ka wanke hannun nan ka zo ka gaishe da Inna."