Ranar da Aka Auna Idon Ɗiyata

Ɗiyata ta fari ta zo duniya da dara-daran idanu, har mata a kasuwar Gaya kan tsayar da ni su leƙa goyona suna sa albarka. Ni kuwa sai kaina ya kumbura. Ban damu da hawayen da ke zubo mata ba tare da kuka ba, balle yadda take cusa fuska a bayana da zarar mun fito rana. Na ce kunya ce irin ta dangin ubanta.

Uwar mijina ce ta fara ɓata mini rai. Mun je wurinta a Tanda lokacin yankan shinkafa, yarinyar na da shekara biyu. Tsohuwar ta ɗora ta a cinya, ta rufe mata ido, ta danna fatar da yatsu biyu kamar mai zaɓen mangwaro. Ta danna na dama, ta danna na hagu, ta koma na dama ta daɗe. Sai ta goge hannu a zane, ta ce na daman ya yi tauri, kuma sau ɗaya ta taɓa jin irinsa, a fuskar ƙanenta. Ban ma san tana da ƙane ba. Da na tambayi inda yake, ta tashi ta shige ɗaki. Na dawo gida ina ta mita, amma tun ranar nake tsoron kallon ɗiyata ido cikin ido.

Bayan wata biyu aka yi shelar zuwan likitocin ido, na goya ta muka hau kabu-kabu. Likitar mace ce, mai magana ƙasa-ƙasa, ɗakinta an sauke labule. Ta ce ruwan cikin ido in ya rasa mafita yakan taru ya danne jijiyar gani, shi suke kira tansiyon ido. In yara ne, da na'ura biyu suke aunawa su kwatanta, don kowacce na iya ruɗinsu.

Ta farko iska take hurawa cikin ido. Tana hurawa yarinyar ta tsala ihu ta matse idanu gam. Likita ta ce wannan awon ba abin dogaro ba ne, kuka da matse ido kan sa lambar ta hau. Na ba yarinyar nono har ta yi laushi, sannan aka ɗauko ta biyun, ƴar ƙarama ta riƙewa a hannu, da wani siririn tsinke mai kai kamar ƙwayar gero, wanda ke fitowa ya taɓa ido ya koma.

Na hagu ya ba mu wahala. Tana hango tsinken take kau da kai, sai da na riƙe mata haɓa. Da aka zo na dama kuwa, ta tsaya cak. Idon a buɗe, da wani hazo-hazo a kansa, na hango kaina ƴar mitsitsiya a ciki. Tsinken ya yi ta taɓa shi yana komawa, ita ko tana kallon saman kafaɗata kamar akwai wani tsaye a bayana. Na waiwaya. Bango ne kawai.

Don in kore tsoro na yi dariya na ce, "Kin ga jaruma, likita? Ko ƙiftawa ba ta yi ba."

Likitar ba ta yi dariya ba. Ta rubuta takarda, ta ce in kai yarinyar asibitin Yamai cikin satin nan a yi wa na hagu aiki.

"Na daman fa?"

"Riƙe ta da kyau, madam," in ji ta. Ta sa tafin hannu ta rufe idon hagun a hankali.

Ɗiyata na kan cinyata, fuskarta na kallon tawa, idon dama a buɗe. Ta miƙa hannuwa tana lalube cikin iska, tana kiran Inna, tana tambayar ina na tafi.