Faifai Biyu a Teburin Chuks

Ku matso nan, ku gyara zama, in ba ku labarin Madam Lucia mai taifin a Samaru. 'Yar Zonkwa ce, ta zo Zariya tana budurwa, ta koyi bugun tafireta, da kwamfuta ta shigo gari ta koma kanta. Shagonta ɗan ƙarami ne kusa da kasuwa, benci ɗaya na ɗalibai, fanka ɗaya mai kuka. Mace ce da ba ta fara komai sai da addu'a. Ko sabuwar takarda ta buɗe, sai ta ɗora mata hannu.

A shekarar 2006 kwamfutarta ta cika. Faifan da ke cikinta, wanda masu gyara ke ce wa had-disk, gig ashirin ne kacal, kuma a ciki akwai furojet na kammala karatun ɗalibai ashirin da uku da za su miƙa ranar Litinin. Wasunsu tun da aka buga musu suka yar da rubutun hannunsu. Babu kwafi ko'ina.

Ranar Asabar da hantsi ta rungumi kwamfutar a bas zuwa Sabon Gari, shagon Chuks, wani Ibo mai furfura da aka haifa a Muchia, Hausa a bakinsa kamar Bazazzagi. Ya ce zai sa mata faifai mai gig tamanin, ɗan gwanjo, ya kwashe komai na tsohon ya juye a sabon, ko waƙafi ba zai ɓata ba.

"In aka yi kuskure fa?" in ji ta.

"Madam, in aka juya baya, sabon ya hau kan tsohon, to sai dai ki koma Zonkwa noman citta."

Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba.

To Chuks yana da tsarinsa. Ba ya rubuta wa faifai suna. Tsoho a dama, sabo a hagu, shekara da shekaru haka yake yi. Ya ciro tsohon, ya ajiye su biyun a tebur, sai wuta ta ɗauke, ya fita neman fetur na janareto.

Madam Lucia ta dubi ƙarafan nan biyu, kowanne kamar sandar sabulu, launi ɗaya, ƙura ɗaya. Ta ɗauke su, ta haɗa a ƙirji, ta rufe ido ta yi addu'a cikin sunan Yesu. Da ta buɗe ido za ta mayar, sai hannunta ya tsaya. Wanne ne na dama? Ta ajiye. Ta sauya. Ta sake dubawa. Ga Chuks ya shigo da galan.

"Ba ki taɓa min komai ba ko, Madam?"

"A'a."

Kalmar ta fita kafin ta yi tunani. Ita da take shugabar zumuntar mata guda a coci, ta ce ta yi wasa da kayan aikin mutum kamar yarinya?

Janareto ya tashi. Chuks ya ɗauki na dama ya maƙala a matsayin na ɗaya, na hagu na biyu, yana ba ta labarin tsadar fetur. Ita kuwa fuskokin ɗaliban take gani ɗaya bayan ɗaya, har da Adenike, mai ciki wata takwas, wadda ta ce in ba ta miƙa bana ba, shi ke nan ita da karatu.

Allon ya yi shuɗi. Chuks yana danna maɓallai ba ya ko karantawa, yatsunsa sun san hanya. Sai tambayar ƙarshe ta fito da Turanci, cewa duk abin da ke faifai na biyu zai goge, a ci gaba? Ya ɗaga yatsa.

"Oga Chuks." Muryarta ta fito kamar ta mai zazzaɓi. "Na yi musu addu'a."

"Madalla, Allah ya amsa."

"A hannuna na riƙe su."

Yatsan ya tsaya a sama. Ya sunkuya ya kusa manna hanci a allo, ya karanta ƙananan lambobin da bai duba ba. Na ɗaya, tamanin. Na biyu, wanda za a goge, ashirin. Ya janye hannunsa a hankali ya sa a aljihu, ya zauna.

"Madam, nan gaba ki yi addu'ar daga bakin ƙofa."

Ya kashe, ya sauya su, ya karanta lambobin sau uku da ƙarfi, ya sa ta maimaita. Minti arba'in aikin ya ci, duk tarin da janareto ya yi sai ta leƙa allon. Da kwamfutar ta tashi da sabon faifai, ta buɗe furojet ɗin ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa. Ashirin da uku, cif. Nan ta zauna, Chuks ya ba ta ruwa.

Ranar Litinin kowa ya karɓi aikinsa, ba wanda ya san abin da ya faru. Ni ma sai da ta tsufa ta ba ni labarin, tana yi tana rage murya.

To ku fa, da kun riga kun ce a'a, ga yatsan mutum a sama, za ku iya buɗe baki?