Kofur Tanko da Rabon 'Yan Sintiri

Duk wanda ya san Kofur Tanko a Tudun Wada ya san tambayarsa ɗaya ce a duniya: "Malmala nawa ke nan?" Ka nuna masa sabon keke, sai ya zagaya shi, ya latsa taya, ya ɗago ya tambaye ka tuwo malmala nawa ka hau. Ni Ladi taubashiyarsa ce, uwata da ubansa ciki ɗaya, don haka na sha wannan tambaya fiye da kowa. Ranar da na sayi kwano mai zanen fure a kasuwa, ya buɗe murfin, ya leƙa, ya ce, "Ladi, kin sayi ɗakin tuwo, kin kori tuwon."

Aikin kuku ya yi a soja lokacin yaƙin Boma. Ya dawo da takalman soja, amma a wuya yake rataye su. Wata rana muna hanyar Burumburum zuwa biki ruwa ya tsuge. Sai ga Tanko ya cire malafarsa ya rufe takalman, ruwa na dukan ƙoƙon kansa.

Na ce, "Kai dai ba ka da hankali. Kanka fa?"

Ya ce, "Kai ya saba da ruwa tun ranar suna. Takalmin nan kuwa, Sarkin Ingila ba zai ƙara ba ni wani ba."

Abin da ya fi ba mu dariya shi ne rabon tuwo. Namiji da gemunsa, ba ya barin matarsa Abu ta kwashe sai ya zo ya tsaya a kan tukunya. Malmalar farko a akushi take shiga, ya rufe da faifai, ya ajiye gefe, ya ce, "Na 'yan sintiri ne." Wai dokar soja ce: kafin kowa ya ci, ko da hafsa ne, sai kuku ya cire rabon waɗanda suka fita sintiri ba su dawo ba.

Nakan ce masa, "Tanko, yaƙi fa ya ƙare."

Shi kuma ya ce, "Wa ya zo ya gaya mini sun dawo?"

Akushin nan ba ya kwana. Gidan Iya Hajo yake kai shi, uwar Ɗanladi, wanda suka tafi Boma tare, Tanko ya dawo shi kaɗai. Ɗanladi ya bar mata jikoki da 'yar gona a bayan gari.

To, kun tuna daminar yunwar nan, 'yan shekaru kafin a samu mulkin kai, da rumbuna suka ƙare tun gero bai fid da kai ba, mata suna kwaɗa tafasa da dusa. A tsakiyar wannan hali gwamnati ta turo wa ƙungiyar tsofaffin soja wani taimakon kuɗi, aka kuma ce wani Baturen soja zai zo ya duba su. Samanja Bawa, shugabansu, mutum mai gashin baki da son a gan shi, ya ce za a sayi bigila da ganga, a yanka wa baƙo sa, a dafa shinkafa, abin da ya rage a ɗinko kakin fareti daga Kano.

Gari ya rabu biyu. A mahauta gardama, a bakin rijiya gardama. Wasu na cewa mutanen nan sun ga mutuwa da idonsu, a bar su su yi ado ko sau ɗaya. Wasu na cewa ado da yunwa ba sa zama gida ɗaya. Ni ina cikin na biyun, kuma ban ɓoye ba. Aka taru a gindin durumin kasuwa.

Samanja ya ce, "Mu da muka kori Japan, mu fito wa baƙo da tsumma?"

Tanko ya miƙe. "Ranka ya daɗe, bigila malmala nawa?"

"Kofur, mutuncin soja ba a auna shi da malmala."

"Ranar da aka tare mu a daji, ranka ya daɗe, ba mutunci ka zo nema wurina ba. Ƙanzo ka nema."

Kasuwa ta ɗauki dariya, amma da aka ɗaga hannu Samanja ya yi rinjaye. Tsofaffi suna son kakinsu. Na koma gida raina a ɓace, na tarar da abin da ya fi ɓata shi: Iya Hajo ta ɗaure kayanta, za ta kwashi jikoki su tafi Riruwai ɗaukar ƙasar kuza, ta bar gonar da ciyawa. In ta tafi, geron bana ya tafi, na baɗi ma babu iri. Tanko ya durƙusa a gabanta, ya ce, "Iya, ki daure ki kai ranar Bature. In ban yi komai ba, ni zan ɗaukar miki kayan."

Abin mamaki, shi da kansa ya je ya ce wa Samanja zai dafa abincin. Samanja ya ji daɗi, ya zaci ya sauko. Ni kuwa da na ga Tanko ya sauko da takalmansa daga wuya ya sa a ƙafa, na san akwai magana. Ya ja ni gefe ya ce in tara masa wasu gidaje a bayan danga, kowa da ƙwaryarsa, kada a yi motsi sai an ji kira.

Ranar ta zo. Aka busa bigila, tsofaffi suka yi fareti, wani na hagu wani na dama. Bature ya zauna, ƙamshin miya ya cika fili. Samanja ya daka tsawa, "Kofur, abinci!"

Tanko ya ƙame, ya sara. "Ranka ya daɗe, ba a cire na 'yan sintiri ba."

Baturen ya yi Boma, yana jin Hausa daidai gwargwado. Ya gyaɗa kai, ya ce, "Gaskiya ne. Doka ce."

Tanko ya ɗauki mara, ya ɗaga murya. "Ɗanladi na Hajo! Bai dawo ba. A karɓi rabonsa."

Iya Hajo ta fito daga bayan danga da ƙwarya, ya cika mata har tana rinjayar hannunta. Ya kira Musa Kiru, uwar 'ya'yansa ta fito. Ya kira Garba Doguwa, tsohonsa ya fito da sanda. Yana kira, muna zubawa. Sai ya kira Ilu, ƙanen Samanja ciki ɗaya. Matar Ilu ta fito da yara a bayanta, wuyansu kamar sillen kara. Samanja ya cire hularsa, bai ƙara mayar da ita ba.

Da sunayen soja suka ƙare, Tanko bai tsaya ba, ya shiga masu dakon kayan soja. Da su ma suka ƙare, sai muka ji ya kira dabbar da ke ɗaukar musu kaya a daji, "Alfadarin kamfani! Shi ma bai dawo ba." Wani makaho ya miƙo ƙwarya ya karɓi rabon alfadari. Mutane suna share hawaye suna dariya. Abin da ya isa gaban Bature, ƙanzo ne da wutsiyar sa, kuma a tsaye ya ci.

Kafin baƙo ya hau motarsa, Samanja ya juya ga tsofaffin, ya ce, "An fasa kaki. Gobe a tura jakuna Bebeji a auno dawa." Ba wanda ya yi musu. Ni ce na fara rangaɗa guɗa, kuma ban taɓa yin mai daɗinta ba.

Bigilar ma ba ta yi asara ba. Da ita ake kiran mutane duk ranar rabon dawa. Tanko ya saurari busar, ya ce, "Yanzu ta fara biyan malmalarta." Iya Hajo ta kwance kayanta, tsofaffin soja suka yi mata gayya, da kaka ta ɗaure geronta a gonar ɗanta. Shi kuwa tun a yammacin ranar Bature takalma suka koma wuya.

Da ya rasu na shiga gaisuwa wurin Abu, na ga akushi rufe da faifai a gefen murhu.

Allah Ka jiƙan Tanko. Bai taɓa kai loma baki ba sai ya ajiye wa wanda bai iso ba. Ka sa ya tarar an ajiye masa nasa, da zafinsa. Amin.