Motar Amaryata Ta Sha Kwana

Ta sha kwana, jama'a! Motar Hauwa'u ta sha kwana cikin rairayi lafiya lau! Af, salamu alaikum, murna ta mantar da ni gaisuwa.

Hauwa'u jikata ce, tana karatu a Kalgo. Ta haɗa motar tsere mai rimot, girmanta ya kai ɗan akuya. Amma ɗan injin da ke murɗa tayoyin gaba, wanda suke kira sarbo, haƙoransa na roba ne, da motar ta shiga rairayi sai su zube. Ga tsere ya matso, yarinya har ta daina cin abinci.

Ta same ni Gwandu da hotunan sarbo biyu a waya.

"Tsoho, wanne zan ɗauka? Wannan ya fi sauri, wannan ya fi ƙarfi, haƙoransa na ƙarfe."

"Haba amarya, ni da na yi boko a ajin yamma da furfurata?"

"Ba boko na tambaye ka ba, angona. Rairayi na tambaye ka."

Sai na tuna shekarun tamanin, ina jan a-kori-kura a hanyoyin ƙauyukanmu, in kwana kafaɗuna suna zugi. Na ce, "A rairayi, sitiyari damtse yake so. Ɗauki mai ƙarfi."

Shi ta ɗaura, ga shi mota ta sha kwana. Alhamdulillahi. Wa ya zaci ciwon kafaɗar nan zai yi wa jikata rana?

Asabar za a yi tseren a Kalgo. Ku zo ku gani, ina sahun gaba!